Shinkafar Waje: A Tambayi Mai Tukunya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai shinkafa a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a Bauchi ya san tambayar da ke riga ta farashi fitowa: “'Yar waje ce ko 'yar gida?” Amsar da mai kaya ya bayar ita ke sa a zauna ciniki ko a yi gaba. Da wuya ka ji an tambayi wane iri ce, yaushe aka girbe ta, ko a wane inji aka cashe ta. Buhu kawai ake dubawa. 'Yan kasuwa kuwa ba barci suke yi ba. An daɗe ana jin labarin masu juye shinkafar gida a buhun ta waje su ɗinke su ƙara kuɗi, ga kuma masu fasa-ƙwauri da ke juye ta waje a buhun kamfanin gida don su wuce shingen kwastan. Ke nan mutum yana iya biyan kuɗin Tailan ya ci ta Kebbi, maƙwabcinsa mai kishin ƙasa kuma ya biya kuɗin Kebbi ya ci ta Tailan, kowa ya kwana da tabbacin ya san abin da ya ci.

Wannan ɗabi'a ta cin suna ba mu kaɗai ke da ita ba. Ranar 24 ga Mayun 1976, wani ɗan Ingila mai kantin giyar inabi a Paris, Steven Spurrier, ya tara masana tara, dukkansu Faransawa, ya jera musu kofuna ba tare da sun ga kwalaben da aka tsiyayo ba. Wasu na Faransa ne, daga gonakin da suka yi ƙarni suna cin sunansu, wasu kuma na Kalifoniya ta Amurka, waɗanda a lokacin Bafaranshe ba ya ko kallo. Da aka haɗa maki, Kalifoniya ce ta zo ta ɗaya a ja da kuma fara. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Ɗan jarida guda ne a wurin, George Taber na mujallar Time, kuma ta bakinsa duniya ta ji. Faransawa suka ce a yi haƙuri, tasu sai ta tsufa take nuna kanta. Aka jira shekara 30. A 2006 aka sake buɗe jajayen nan a Landan da Napa ta Kalifoniya, nan ma ba tare da ganin kwalba ba, Kalifoniya ta kwashe daga na ɗaya har na biyar.

Kafin wani ya aiko min da wa'azi: giya haramun ce, ba ta da wuri a gidajenmu, kuma ba tallarta nake yi ba. Dabarar gwajin nake so mu duba, wato a rufe wa mai ci suna a bar shi da harshensa.

Mu ma muna da wurin da ya dace da irin wannan, ciyayya. A unguwannin cikin gari irin su Jahun da Nasarawa har yanzu akwai inda magidanta ke fito da kwanukansu ƙofar gida bayan sallah a ci tare. Sai dai a ciyayya kowa ya san kwanon kowa, kuma ba mai kushe tuwon gidan liman. A majalisarmu musun 'yar waje da 'yar gida ya yi tsawo har muka ce a raba gardama. Aka samo iri uku: wadda aka ce ta waje ce, ta wani babban kamfanin gida, da sabuwar gumi daga kasuwar ƙauye. Gida ɗaya ya dafa su duka, fara, ba miya, sai mai da yaji a gefe, aka zubo a kwanuka iri ɗaya da alama a ƙarƙashi.

Ba zan ce muku 'yar gida ta yi nasara ba, don ba haka aka yi ba. Rarrabuwa aka yi. Tsakanin kwano biyu na farko wasu sun dace, wasu sun kauce, waɗanda suka dace ɗin ma da aka ce su faɗi dalili sai kame-kame. Ta ƙauyen ce kawai kowa ya gane, saboda ta ɗan haɗe jikinta, amma dattawan wurin ita suka fi kai wa hannu, wai ita ce mai ƙamshin shinkafa. Muna cikin wannan sai ga yaro da saƙo daga cikin gida: “Hajiya ta ce a gaya wa su Malam, ita tun a wajen wanki ta san kowacce.” Da maigidan ya nemi ƙarin bayani, ta ce ta farko ɗauraya ɗaya ta yi mata, kuma ta sha ruwa har sai da ta ƙara, ta biyu ba tsakuwa amma ba ta kai waccan auki ba, ta uku sai da ta zauna ta tsince ta rege, ta kuma tsaya a kanta don kada ta caɓe.

A nan ne gwajin Paris ya gaza mana. Mai shan abin kwalba shi ne alƙali na ƙarshe, domin tsakaninsa da kwalbar ba kowa. Shinkafa kuwa kafin ta iso bakin maigida ta bi ta hannun wata wadda ta cire tsakuwar, ta daidaita ruwan, ta rufa wa buhun asiri. Mu maza da ke cika baki a kan shinkafa muna yanke hukunci ne a kan aikin da aka riga aka gyara. Idan mace ta ce a sayo 'yar waje, sau da yawa mukan ɗauka son burga ne. Ita kuwa lissafi take yi: minti nawa za ta ɓata a tsinta, gawayi ko gas nawa za ta ƙona, mudu ɗaya zai ciyar da mutum nawa, in an zuba a kula da rana za ta kai dare ba ta saki ba. Mai sayar da garau-garau a bakin tasha ta fi kowa sanin wannan, don ribarta tana cikin aukin nan.

Shaidar cewa ba sunan ƙasa ke ruɗar mata ba tana cikin abincin da garin nan ya yi suna da shi. Je ka ba mai masa buhun 'yar waje mai gumi kyauta ka ga ko za ta jiƙa ta. Shinkafar tuwo take nema, ɗanya, wadda za ta niƙu ta tashi. Haka mai sinasir, haka mai tuwo. Kowane girki da shinkafar da yake so, kuma sun san wannan ba tare da an rubuta musu ba.

To me ke cikin 'yar wajen da ke sa ta auki da warwarewa? Babban sirrin shi ne ta kwana biyu. Shinkafa tana canzawa bayan girbi. A watanni uku zuwa huɗu na farko ƙwayar kan ƙara tauri, ta riƙa shan ruwa da yawa, danƙonta ya ragu. Shi ya sa a Indiya da Pakistan ake ajiye basmati shekara ɗaya ko biyu da gangan, a kuma sayar da ita da tsada saboda tsufan. Wadda ta taso daga Tailan ta zauna a rumbu, ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano, ta sake zama, sannan ta lallaɓo ta kan iyaka. Ko ba wanda ya yi niyya, ta tsufa a hanya. Tamu kuwa manomin Das ko na fadamun Jama'are bashi na jiransa tun kaka, dole ya sayar da shanshera da wuri. Mai inji shi ma da kuɗin banki yake saye, kuma a 2024 kuɗin ruwan da Babban Banki ya tsayar ya haura kashi 25 cikin 100, don haka ba zai kulle jarinsa a sito wata shida yana jiran ƙwaya ta nuna ba. Sai ta fito kasuwa da ƙuruciyarta. Wani lokaci ma ba ta gama bushewa ba, alhali masana na cewa danshinta kada ya wuce kashi 14 cikin 100 in ana so ta ajiyu.

Tsakuwa kuma kowa ya san inda take shiga, ai muna gani ana shanya a gefen kwalta. Wannan matsala manyan injina sun magance ta. Umza da Tiamin a Kano, Labana a Birnin Kebbi, WACOT a Argungu, duk suna fitar da shinkafa tsaf. Ƙananan masu gumi ne har yanzu ba su da injin cire tsakuwa, kuma su ne ke ciyar da mafi yawan masu awo.

Gwamnatoci sun yi ta kai-kawo a kan shinkafa. A 2015 an hana masu shigo da ita dalar gwamnati, a Nuwamban shekarar aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi, a Agustan 2019 aka rufe iyakoki har zuwa Disamban 2020, a Janairun 2022 aka jera dalar buhuna a Abuja, a 2024 kuma aka ɗage harajin shigo da wasu hatsi na kwana 150. Duk maganar yawa ce da farashi da kan iyaka. Ban ga wanda ya tsaya ya tambayi mai girki abin da ke kai hannunta ga wancan buhun ba.

Kada kuma a ɗauka duk tsohuwa ce mai kyau. Gwamnatin Tailan ta tara shinkafa mai ɗimbin yawa a shirin sayen amfanin manoma na zamanin firaminista Yingluck Shinawatra, daga 2011 zuwa 2014. A Mayun 2024 ministan kasuwancin ƙasar, Phumtham Wechayachai, ya ci shinkafar da ta shekara 10 a sito a gaban 'yan jarida a lardin Surin, don ya nuna tana ciwuwa kafin a yi gwanjon kusan tan 15,000 da suka rage. 'Yan ƙasarsa da yawa ba su gamsu ba. Wanda ke sayen buhu a Wunti don hoton da ke jikinsa ba shi da hanyar sanin ko ta wata takwas ya ɗauka ko ta shekara takwas.

Abin da nake kira a yi ba shi da tsada: a rubuta shekarar girbi da sunan iri a jikin buhu. Masu giyar inabi shekarar da aka tsinki 'ya'yan suke bugawa a gaban kwalba. A Japan jakar shinkafa tana ɗauke da shekarar noma da yankin da lokacin da aka cashe ta, su kuma sabuwa suka fi so. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ba mai sayen wake ko gero a kasuwar Dawanau bai tambayi na bana ne ko na bara ba. In buhu ya ce FARO 44 ce, girbin bara, mai dafa-dukar biki ta san ta samu abin da take nema, mai son ƙamshin sabuwa kuma ya nemi ta bana. Daga nan mai injin da ya jure ajiya zai iya neman ladan jiransa a farashi, ya daina ɓoyewa a buhun wasu. Talaka da ke awo a kanti ba ya ganin buhu, gaskiya ne, amma mai kantin yana gani, kuma za a iya tambayarsa.

In kuwa masu koyar da aikin gona a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Kwalejin Aikin Gona ta jiha za su shirya irin wannan gwaji a fili, ina roƙon kada a jera manyan baƙi da cokula. A gayyato masu sayar da abinci da masu girkin biki, a ba kowacce mudu-mudu a leda marar suna, a ba ta murhu. A auna lokacin tsinta, a auna ruwan da kowacce ta sha, a ƙirga farantin da mudu ya fitar, sannan a rufe sauran a kula a buɗe bayan la'asar.