Jami'a ta zo Gashuwa, saura ɗan talaka ya samu shiga

A shekarar 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, tare da takwarorinta na Gusau da Birnin Kebbi. An yi murna daga ƙasar Bade har Nguru, domin a da mai neman digiri sai ya ɗaure kayansa ya nufi Maiduguri, Kano ko Damaturu. Gini kam ya zo kusa. Shigarsa ce har yanzu take gagarar ɗan talaka.

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Ɗan masunci daga fadamun Nguru, ko ɗan manomi daga Yusufari ko Machina, sau da yawa sai ranar jarrabawa yatsunsa ke fara taɓa na'urar. Ubansa ya riga ya kai akuya ko buhun gero kasuwa don kuɗin fom da na mota. Yaro ya zauna yana laluben haruffa, gumi na karyo masa, lokaci na ƙarewa a saman allo. Karatu yana kansa, hannu ne bai saba ba. Haka zai koma gida a ce ya faɗi, 'yar'uwarsa kuwa ba ma za a sake asarar kuɗi a kanta ba.

A ƙa'ida jami'o'in tarayya na ware kashi 20 cikin 100 na gurabe ga jihohin da aka bari a baya a boko, kuma Yobe na ciki. Amma wannan kaso, jiha yake dubawa, ba ya duba gidan da yaro ya fito. Wanda ya yi makarantar kuɗi a Abuja, in yana da takardar asalin Yobe, shi zai riga ɗan Jakusko. Ƙasar Burazil ta fi mu dabara: dokarta ta 2012 ta keɓe rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka yi sakandaren gwamnati.

Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 alheri ne, sai dai wanda ya riga ya samu gurbi yake tallafa wa.

Don haka kira ga gwamnatin Yobe da 'yan majalisar yankin Gashuwa: a sa kwamfutoci masu aiki da hasken rana a sakandaren karkara, a horar da 'yan ajin ƙarshe kafin jarrabawa, a ɗauke musu kuɗin fom. Jami'ar Gashuwa kuma ta ware gurabe na musamman ga 'yan makarantun gwamnati, maza da mata.