Kafso Biyu Ba Maganin Mura Ba Ne

Mai karatu, a nan Ayigya Zango, da mura ta kama mutum ko ciki ya ɗan juya, sai a aiki yaro kantin magani ya sayo kafso ja da rawaya guda biyu. Ni dai a ganina wannan al'ada cutarmu take yi. Bari in nuna maka ta ina.

Bakteriya, duk ƙanƙantarta, tana da bango, kuma a jikin bangon akwai ƙofofi na furotin. Kowace ƙofa tana da ɗan rami mai siffa tata. Abin da ya zauna daidai cikin ramin shi take kamawa ta wuce da shi, kamar kwaɗo da ɗan makullinsa. Wasu ƙofofin abinci suke shigarwa. Wasu kuwa famfo ne na fitar da guba. A 1980 Stuart Levy da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa E. coli tana tofar da tetracycline waje ta irin wannan famfo, tun maganin bai yi aiki ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro sunansa AcrB. Masana a Japan suka fito da siffarsa a 2002. Sassa uku ne a haɗe, suna karɓa-karɓa: wannan na ɗauka, wancan na riƙewa, na uku na tofarwa. Raminsa kuma mai faɗi ne, ba ya tsani. Tetracycline, chloramphenicol, ciprofloxacin, duk yana gane su.

To, mura bairos ke kawo ta, kafson nan ba ya taɓa ta. Hanjinka yake zuwa, ya kashe raunanan ƙwayoyi, ya bar masu famfo da yawa su hayayyafa. Ran da ciwon fitsari ya zo, wanda galibi E. coli ta hanji ke jawowa, sai ciprofloxacin ya tarar da famfo na jiransa. A 2019 irin wannan bijirewar magani ta kashe mutum wajen miliyan 1.27 a duniya, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina jin jiki.

Na san layin asibiti da tsawo, aljihu kuma ba nauyi. Duk da haka, ɗauko katin inshorarka ka zo a duba ka. In an rubuta maka magani, sha yadda aka ce, kada ka rage wa maƙwabci.