Ba kowace karta ce caca ba: batun tarin ɓeraye

A Wurno da Rabah da Goronyo, da zarar an ga matashi riƙe da karta an gama yanke masa hukunci: ɗan caca ne. Abin takaici, har masu ilimin zamani sun rungumi wannan hukunci ba tare da bincike ba, alhali caca ta daɗe da barin gindin bishiya ta koma cikin waya, inda ake zuba kuɗi a kan ƙwallon Turai ba mai cewa uffan.

Akwai kartar da tunani ke tafiyar da ita. A 1993 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya fito da wasan Magic: The Gathering. Saɓanin Whot da aka saba da ita a nan, kowane ɗan wasa shi ke tsara tarin katunansa tun daga gida: aƙalla kati 60, kuma galibin katunan ba a sa fiye da huɗu iri ɗaya. A farko wasan yana da dokar jingina kati, wanda ya yi nasara ya ɗauke. Aka kore ta daga gasa, daga baya aka daina buga katunanta, saboda kamarta da caca. Masu wasan da kansu suka raba zare da abawa.

Sai ga ɓeraye. A 2004 aka buga katin Relentless Rats, wanda ya karya dokar huɗu: mutum na iya zuba shi iya son ransa, kuma kowane ɓera yana ƙara ƙarfi gwargwadon yawan 'yan uwansa da ke fili. Ɓera ɗaya abin raini ne, goma kuwa annoba. Mai tsara irin wannan tari dole ya auna ɓeraye nawa zai sa, katunan ƙasa nawa za su ciyar da su, da yadda zai farfaɗo idan abokin karawa ya share su a bugu ɗaya. Wannan lissafin yiwuwa ne tsagwaronsa, irin wanda ɗalibai ke gumi a kansa a aji.

Manomin shinkafa a fadamar Rima, ƙarƙashin madatsar ruwan Goronyo, ba ya buƙatar a fassara masa wannan dabara. Ya san ɓarnar ɓera a yawansa take, ya san wanda ya yi sakaci da rumbu a kaka zai gane kurensa kafin bazara. Da za a samu mai zane da mai lissafi daga wannan yanki su tsara wasa da ɓera da gafiya da kyanwa da rumbu, har da darasin zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa, da yara sun koyi abin da allon sanarwa ya kasa koya musu. Al'ummar da ta raini dara tsawon ƙarni ba baƙuwar wasan tunani ba ce.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin yana sayar da katunan a ƙunshi rufaffe, mai saye bai san abin da ke ciki ba, kuma wannan ya cancanci suka daga malamai da iyaye. Amma laifin salon ciniki ne. Katin da aka buga a Sakkwato, aka sayar da shi cikakke a kwali ɗaya da farashi sananne, ba shi da wannan aibi.