Yaron barga ma makiyayi ne, mu taimaka a koya masa sana'arsa



Ana saura mako guda Babbar Sallar bara aka kira ni da asuba wani gida a kan hanyar Tsarnawa. Na tarar da ingarma kwance yana birgima, yana waiwayen cikinsa, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Mai dokin yana Legas wurin kasuwancinsa. Wanda ke riƙe da ragama yaro ne ɗan shekara 15, yana ta hawaye. An aiko masa cewa ya ƙara wa dokin gero don ya yi kyau kafin hawa, shi kuwa ya juye masa tiya biyu a lokaci guda. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa doki ba ya amai, abin da ya shiga cikinsa ba ya dawowa ta baki, kuma hatsi mai yawa a ci ɗaya na iya kashe shi.

Allah ya sa dokin ya tashi. Yaron kuwa an kore shi. Bayan wata biyu na hange shi kusa da iyaka, a kan babur, da jarkokin esansi shida ɗaure a bayansa. Tun ranar abin yake damuna, shi ya sa na rubuto muku.

Ra'ayina shi ne ƙungiyoyinmu na Ƙonni, Malbaza da Illela su haɗa hannu su tsayar da barga ɗaya ta jama'a, wadda ba ta neman riba, inda za a riƙa koya wa samari kiwon doki da jaki yadda ya kamata. Ba baƙon abu nake kawo muku ba. Kowace fada, daga ta Sarkin Ƙonni har ta Sarkin Adar a Illela, ta san darajar doki, kuma a barga kakanninmu suka koyi ɗaura sirdi da gyaran kofato. Abin da ya canza shi ne tsofaffin da suka iya suna ƙarewa, yaran da suka gaje su kuma an bar su da guga da igiya kawai.

Wani zai ce doki kayan ado ne na masu hali, me ya haɗa shi da kuɗin ƙungiyar makiyaya? Ku dubi wanda ke jan amalanken albasa daga gonakin Galmi zuwa bakin kwalta, da wanda ke kawo ruwa da harawa har ƙofar gidajenku. Doki ne da jaki. Mun ga ranar da suka kwanta. Daga ƙarshen 2018 zuwa cikin 2019, murar dawaki da jakuna ta ratsa Sakkwato da ƙasarmu, dubban jakuna suka mutu. Mata suka koma ɗaukar ruwa a ka, kuɗin dako ya tashi. Abin da ya fi ba ni takaici a lokacin shi ne yadda ake shayar da mai tari da mai lafiya a kwami ɗaya, a kuma kai maras lafiya kasuwar Badagishiri ko Gidan Idar don a rabu da shi kafin ya mutu.

Gangamin rigakafi da gwamnati ke yi kowace shekara ya fi mayar da hankali kan shanu, awaki, tumaki da raƙuma. Mu ma'aikatan lafiyar dabbobi ba mu da yawa, ba kuma za mu kwana a kowace barga ba. Yaron ne ke tare da dabbar safe da yamma. Idan ya iya, shi ne idonmu.

Abin da zai koya ba ya buƙatar babban karatu. Ya san cewa zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, ya iya auna shi. Ya san cewa a bazara doki na iya shan fiye da lita 40 na ruwa a rana. Ya raba hatsi kashi-kashi, ciyawa ta fi yawa. Ya ware baƙon doki mako biyu zuwa uku kafin a haɗa shi da na gida. Ya duba kofato kullum, a datse shi duk bayan mako shida zuwa takwas. Ya wanke gyambon da sirdi ko majanyi ya yi da ruwa mai tsabta da gishiri kaɗan, ba da baƙin man mota ba. Ya gane cewa ƙusa a kofato na iya jawo cutar sarƙe-haƙora. Ya kuma daina ɗura wa dabba tramol don ta ƙara gudu, domin hannun da ya saba ba doki ƙwaya ba ya daɗewa bai kai ta bakinsa ba.

Akwai kuma abin da doki ke koya wa yaro. Doki ba ya jin tsawa, ba ya kuma yafe sakaci. Sai ka tashi da wuri, ka yi haƙuri, ka sassauta hannu. A unguwar Birikiston ta birnin Landan akwai wata ƙungiyar agaji, Ebony Horse Club, da tun 1996 take jawo yaran talakawa daga titi ta hanyar hawa da kiwon doki. Su sai sun nemo dawakin da wurin ajiye su da tsada. Mu muna da dawakin, muna da filin, muna da harawar.

Sai dai ina da sharaɗi uku, in ba su ba ni ma ba na goyon baya. Na farko, kada barga ta raba yaro da lakwal ko makarantar allo, a tsara aikin da yamma da ranakun hutu. Na biyu, kada ta zama hanyar samun baran banza. Duk mai dokin da ya kawo dabbarsa a kula masa ya biya, a kuma ware wa yaran rabonsu. Na uku, a riƙa karanta lissafin kuɗi a gaban taron ƙungiya duk wata uku. Mun sha ganin ayyukan da suka mutu ranar da motar masu tallafi ta juya, don haka kada mu gina wannan a kan kuɗin baƙo.

Me ake nema daga gare ku? Bayan girbi, kowane memba ya ba da damin harawa ɗaya. Kowace ƙungiya ta ba da buhun dusa. Mu nemi magajin gari ya ba mu fili kusa da ruwa. Dattijon da ya iya ɗinkin linzami ko gyaran kofato ya ba da yammacinsa ɗaya a mako. Ni na ɗauki alkawarin kowace Asabar kyauta, da ma'aunin zafi da littafin rajista. Mu fara da yara goma da rumfa ɗaya, mu ga abin da shekara za ta haifar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada mu jira wata annobar ko wani hawan Sallar kafin mu tuna da waɗannan yara. Ku sa wannan magana cikin ajandar taronku na gaba, ku tattauna, wanda bai yarda ba ya faɗi dalilinsa. Ni dai har yanzu idan na bi ta bakin iyaka ina duba fuskokin masu babura, ko zan ga yaron nan in ce masa ya dawo, an sami wurin da za a koya masa.

Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.