MATASHI MUSULMI A GABAN MASU INTABIYU: TSAKANIN NAUYIN BAKI DA ƘARYA

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a kowace shekara dubban matasanmu suna kammala karatu da bautar ƙasa su shiga neman aiki, kaɗan ne kuma daga cikinsu ake kira intabiyu. Abin takaici shi ne da yawa daga waɗanda suka sami wannan dama sukan ɓarar da ita ta ɗayan hanyoyi biyu. Wani ya sunkuyar da kai ya kasa faɗin abin da ya iya, yana zaton tawali'u ke nan. Wani kuma ya yi ta sharara ƙarya, yana zaton wayewa ke nan. A ganina dukansu sun kauce wa koyarwar Musulunci.

Tambayar da aka fi farawa da ita ita ce a ce wa mutum ya ba da bayanin kansa, ko ya faɗi dalilin da zai sa a ɗauke shi a bar waninsa. A nan wasu suke kawo shubuha, su ce ai Allah Ya hana mutum tsarkake kansa a Suratun Najmi aya ta 32, kuma Annabi (S.A.W.) ya hana Abdurrahman ɗan Samura (R.A.) neman shugabanci, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Amsa ita ce, hadisin yana magana ne a kan kwaɗayin mulki, shi kuwa aikin albashi babi ne na ijara, wanda Annabi Musa (A.S.) ya yi a Madyana. Sannan a Suratu Yusuf aya ta 55, Annabi Yusuf (A.S.) ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya siffanta kansa da tsare amana da kuma sani. Ibn Kasir ya fitar daga wannan aya cewa ya halatta mutum ya ambaci alherin kansa idan ba a san shi ba kuma buƙata ta taso. Ku duba da kyau, Annabi Yusuf ɗan annabi ne, jikan annabi, amma bai kawo nasabarsa ba, sai siffofi biyu da aikin yake buƙata. To haka ya kamata matashi ya yi. Ya faɗi abin da ya karanta, da inda ya taɓa aiki, da abin da ya aiwatar da hannunsa, a taƙaice. Wanda ya riƙe asusun makarantar Islamiyya shekara uku ba a taɓa samun giɓi ba, wannan hujja ce da ta fi ya ce shi haziƙi ne.

Tambaya ta biyu ita ce ta rauni. Mafi yawan matasa sukan ce ba su da wani rauni, ko su ƙirƙiro yabo su sa masa rigar aibi. Mai hankali ba ya ruɗuwa da wannan. Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri (R.A.) ya nemi a ba shi muƙami, Annabi (S.A.W.) ya gaya masa yana da rauni kuma muƙami amana ne, hakan bai rage masa daraja ba. Saboda haka ka faɗi gazawa ta gaskiya, tare da matakin da kake ɗauka na gyara ta, kamar ƙarancin gogewa da kwamfuta da kuma kwas ɗin da ka shiga. Idan an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga cikinsu, shi ne kuwa Limamin Madina.

Ta uku ita ce dalilin barin wurin aiki na baya. A nan harshe yake zamewa zuwa giba, wadda Suratul Hujurat aya ta 12 ta kwatanta da cin naman ɗan'uwa matacce. Ka faɗi dalilinka ba tare da cin mutuncin kowa ba, kada kuma ka tona asirin tsohuwar ma'aikatarka, domin amana ce. Wanda yake sauraronka ya san cewa mai zagin maigidansa na jiya shi ne mai zagin na gobe.

Ta huɗu ita ce ta albashi, inda kunya take sa wasu su ce duk abin da aka ba su ya yi. Malaman fiƙihu sun shardanta cewa lada ya zama sananne kafin a ƙulla ijara, don a toshe ƙofar husuma. Ka bincika abin da ake biya a irin wannan aiki kafin ka je, ka san cewa a shekarar 2024 doka ta mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, sannan ka faɗi adadi cikin ladabi.

Babbar musiba kuwa tana wajen takardu da shekarun haihuwa. Tunda ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ita ce ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, sai mutum ya je kotu ya yi rantsuwa ya zabtare shekarunsa. Wannan shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo a Janairun 2024. Wanda ya shiga aiki da irin wannan takarda ya tambayi kansa da me yake ciyar da iyalinsa. Haka nan masu zuwa wajen boka ko ɗan tsibbu a ba su laya ko kwallin da zai rufe bakin masu tambaya, su sani Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Abin da Sunna ta ba mu shi ne istihara da addu'a da kyakkyawan shiri.

Kada kuma wani ya ɓoye addininsa don a ɗauke shi. Firdausi Amasa ta ƙi cire hijabinta a bikin rantsar da lauyoyi a 2017 aka hana ta shiga, a 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. Idan an ba ka damar yin tambaya, ka tambayi lokacin salla, ka tabbatar aikin ba na riba ba ne ko giya.

Mai yiwuwa wani ya ce duk wannan zance ne, a ƙasar nan sai mai uwa a gindin murhu. Lallai akwai ɓarna, domin a 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki. Amma ɓarnar wasu ba ta halatta haram, kuma Annabi (S.A.W.) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Ibn Taimiyya ya bayyana a cikin As-Siyasatush Shar'iyya cewa kowane muƙami yana tsayuwa ne a kan ƙarfi da amana, yana kafa hujja da Suratul Ƙasas aya ta 26. Wannan ma'auni yana kan mai neman aiki, yana kuma kan Musulmin da yake zaune a kujerar tantancewa. Idan ya tsallake wanda ya cancanta ya ɗauki ɗan'uwansa ko wanda ya zo da katin wani babba, ya ci amana.

Daga ƙarshe ina kira ga kwamitocin masallatanmu da makarantunmu da su riƙa shirya wa matasa bita, su gayyato 'yan'uwa ma'aikata masu gogewa su yi musu gwajin waɗannan tambayoyi kafin ranar intabiyu. Allah Ya azurta matasanmu da halal, Ya tsare su daga haram, amin.