Dariyar Da Ke Cizo

'Yan uwa marubuta, barkwancinmu ya tsaya wuri ɗaya: kurma ya ji baibai, baƙauye ya ɓata a birni, shi ke nan. Ku dubi zanen Mustapha Bulama na Daily Trust. Satar mutane da tsadar abinci yake zanawa, ka tuntsire da dariya, can kuma jikinka ya yi sanyi. Ko a tatsuniyar Gizo akwai yunwa da mutuwa, amma daɗin yana inda zaki da kura suka sha ƙasa.

Barkwanci mai ɗaci azzalumi ya kamata ya ciza, a bar wanda aka zalunta da abin da ya dame shi. Masu zane na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, kada ku jira maɗaba'a. Biro, takarda da wayar hannu sun isa.