SHARHI: Hawan jini, shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya: Cutar da aka san maganinta amma take ci gaba da kisa

A watan Satumban 2025, a gefen babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da rahotonta na biyu kan hawan jini. Rahoton ya ce mutum biliyan 1.4 ne ke ɗauke da cutar a 2024, kuma waɗanda jininsu ya daidaita a cikinsu sun ɗara ɗaya cikin biyar da kaɗan ne kawai. Rahoton farko, na 2023, ya nuna cewa adadin masu cutar ya ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da ita ba.

Nauyin waɗannan alƙaluma yana bayyana ne idan aka dubi inda cutar ke kai mai ita. A 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, wato kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen duniya a shekarar, kuma kashi 85 cikin 100 na wannan adadi bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne suka ɗauke su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hawan jini na da hannu a mutuwar mutum miliyan 10.8 a wannan shekara. Zazzaɓin cizon sauro, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa jin jiki da shi, yana kashe kusan mutum 600,000 ne a shekara a duniya baki ɗaya.

Darasin da aka koya daga Yalta

A watan Fabrairun 1945 shugabannin manyan ƙasashe uku suka zauna a garin Yalta domin tsara yadda duniya za ta kasance bayan Yaƙin Duniya na Biyu: Franklin Roosevelt na Amurka, Winston Churchill na Birtaniya da Joseph Stalin na Tarayyar Sobiyet. Bayan wata biyu, ranar 12 ga Afrilu, jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwar Roosevelt, ya mutu yana da shekara 63. Awon jininsa a ranar ya kai 300/190. Stalin ya bi baya a 1953, Churchill kuma a 1965, dukkansu ta hanyar shanyewar ɓarin jiki.

A zamanin Roosevelt babu ingantaccen maganin hawan jini, kuma likitoci da dama na ganin cewa hauhawar jinin mai shekaru dabarar jiki ce ta tura jini cikin jijiyoyin da suka tsufa, don haka bai kamata a taɓa ta ba. Shekara uku bayan mutuwarsa, a 1948, aka fara bibiyar lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham na jihar Massachusetts, binciken da ya tabbatar da alaƙar hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 1967 wani gwaji da aka yi kan tsofaffin sojojin Amurka ya nuna cewa sauke jini da magani yana rage waɗannan musibu. Tun daga lokacin aka rufe muhawara a fagen ilimi, abin da ya rage shi ne aiwatarwa.

Yadda ɓarnar take faruwa

Awon jini lamba biyu ne. Ta sama tana nuna ƙarfin turin jini a jikin jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. WHO na cewa mutum yana da hawan jini idan awonsa ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku biyu mabambanta. Likitocin zuciya na Amurka sun sauko da nasu ma'aunin zuwa 130/80 tun 2017.

Idan turin ya yi yawa na tsawon shekaru, fatar cikin jijiya tana samun rauni. Kitse ya riƙa maƙalewa a wurin raunin, hanyar jini ta ƙuntace, har wata rana gudan jini ya toshe ta baki ɗaya. In jijiyar da ke shayar da zuciya ce ta toshe, wani ɓangare na naman zuciyar ya mutu, shi ne bugun zuciya. In wadda ke kai jini ƙwaƙwalwa ce, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya rasa jini ya daina aiki, hannu da ƙafa su saki, baki ya karkace, magana ta harɗe. Akwai kuma nau'i na biyu na shanyewar ɓarin jiki, inda ƙananan jijiyoyin cikin ƙwaƙwalwa ke fashewa jini ya malala, irin wanda ya kashe Roosevelt. Wannan nau'in ya fi saurin kisa, kuma ya fi dogara kai tsaye da hawan jini.

Ita ma zuciyar tana biyan nata kason. Tura jini cikin jijiyoyin da suka yi tauri yana sa namanta ya yi kauri, daga baya ya gaji, sai ta kasa aikinta: ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, hawa bene ɗaya ya zama aiki. Ƙoda da idanu su ma suna lalacewa ta wannan hanya.

Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar Lancet a 2002, wanda ya haɗa bayanan mutum miliyan ɗaya, ya gano cewa daga awon 115/75 zuwa sama, duk ƙarin 20 a lambar sama yana ninka haɗarin mutuwa ta shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya. Wani nazarin na 2016 ya nuna ɗaya fuskar: rage 10 a lambar sama yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 27 cikin 100, na gazawar zuciya da kashi 28, na toshewar jijiyoyin zuciya da kashi 17. Duk wannan ɓarna tana iya tafiya shekara da shekaru ba tare da ciwon kai ko jiri ba. Shi ya sa mutane da yawa ba sa sanin halin da suke ciki sai ranar da suka faɗi.

Nauyin ya koma kan ƙasashe matalauta

An daɗe ana kallon ciwon zuciya a matsayin cutar masu hali da ƙasashen Turawa. Alƙaluma sun rushe wannan zato. Fiye da kashi uku cikin huɗu na masu hawan jini suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma a can ne fiye da kashi uku cikin huɗu na mace-macen cututtukan zuciya ke aukuwa. A daidai lokacin da Kanada da Koriya ta Kudu suka kai matsayin da fiye da rabin masu cutar jininsu ya daidaita, ƙasashe da yawa na Afirka kudu da Sahara ba su kai ko kashi 10 cikin 100 ba.

Wani bincike mai suna INTERSTROKE da aka gudanar a ƙasashe 32, aka wallafa a 2016, ya ɗora wa hawan jini alhakin kusan kashi 48 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a duniya. A Yammacin Afirka lamarin ya fi haka tsanani. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ke cikin jagororinsa, ya duba marasa lafiya 2,118 a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya danganta kusan kashi 91 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki da hawan jini. Kusan ɗaya cikin uku na marasa lafiyar jijiya ce ta fashe musu, kason da ya zarce wanda ake gani a Turai da Amurka nesa ba kusa ba. Matsakaicin shekarunsu kuwa 59 ne.

Haka abin yake ta fuskar zuciya. Wani bincike na 2012 kan masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara ya samu cewa hawan jini ne sanadi mafi girma, da kusan kashi 45 cikin 100, kuma matsakaicin shekarun marasa lafiyar 52 ne. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana ritaya ne a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki. Ke nan cutar tana kayar da mutane a daidai shekarun da suke riƙe da muƙaman darakta da mataimakin darakta, suna biyan kuɗin makarantar 'ya'ya, dangi kuma sun jingina da albashinsu.

Abin da ya yi aiki a wasu ƙasashe

Hanya ta farko ita ce gishiri. WHO ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, amma matsakaicin abin da ake ci a duniya ya ninka haka. Finland ta fara gangamin sauya abinci da yaƙi da taba a yankin Karelia ta Arewa a 1972, kuma cikin shekara arba'in mutuwar magidanta masu shekarun aiki ta ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Afirka ta Kudu ta kafa dokar ƙayyade gishiri a burodi da sauran abincin kamfani, wadda ta fara aiki a 2016. A ƙasar Sin, wani gwaji kan mutum kusan 21,000 a ƙauyuka 600 ya nuna a 2021 cewa maye gurbin gishirin girki da wanda aka rage masa sinadarin sodiyam ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100.

Hanya ta biyu ita ce sauke jiyya daga manyan asibitoci zuwa ƙananan cibiyoyin lafiya, da tsarin magani mai sauƙi wanda ma'aikacin jinya zai iya bi, kamar yadda Indiya ta fara a 2017. WHO ta ƙiyasta cewa faɗaɗa jiyya a duniya zai iya hana mutuwar mutum miliyan 76 da shanyewar ɓarin jiki miliyan 120 tsakanin 2023 da 2050.

Inda Najeriya ta tsaya

Wani nazari da aka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 27.5 ne ke da hawan jini a 2020, kusan ɗaya cikin manya uku. Kashi 29 cikin 100 ne suka sani, kashi 12 ke shan magani, waɗanda jininsu ya daidaita kuwa ba su kai kashi 3 ba.

Ba ilimi ƙasar ta rasa ba, domin wani ɓangare nasa a Abuja aka samar da shi. Gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya nuna a 2019 cewa haɗin magunguna mai ɗauke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata, kuma amlodipine na cikin magunguna masu araha. An gwada tsarin jiyya a cibiyoyin lafiya matakin farko 60 na Babban Birnin Tarayya, an kuma ƙaddamar da makamancinsa a jihohin Kano da Ogun a 2020. A 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin rage gishiri a abinci, batun da a gidajen ƙasar nan ya shafi dunƙulen ɗanɗano kamar yadda ya shafi gishirin da ake barbaɗawa.

Cikas ɗin yana wajen ɗorewa. Maganin hawan jini na kullum ne, yawanci har ƙarshen rayuwa, alhali fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwon lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita. Faɗuwar darajar naira tun watan Yunin 2023 ta ɗaga farashin magungunan da ake shigowa da su. Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a watan Yunin 2024 kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna, kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma mafi yawan jama'a har yanzu suna wajenta. Kason lafiya a kasafin kuɗin tarayya na yawo ne a kusa da kashi 5 cikin 100, duk da alƙawarin kashi 15 da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001.

Akwai kuma matsalar fahimta. Da yawa na ɗaukar hawan jini a matsayin ciwon ɓacin rai da tunani, wanda zai tafi idan hankali ya kwanta, sai su ajiye magani da zarar sun ji daidai. Idan shanyewar ɓarin jiki ta auku, wasu iyalai kan fara zargin iska ko jifa, a ɓata sa'o'in farko a gida, alhali allurar narkar da gudan jini tana amfani ne cikin sa'a huɗu da rabi, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce.

Ma'aikatan tarayya na cikin 'yan tsirarun da inshora ta rufa wa asiri, domin kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai suke biya, kuma a teburinsu ake rubuta kasafi da ƙa'idojin da sauran jama'a ke jira. Abin da ake buƙata daga ofisoshinsu ba ya da tsada idan aka kwatanta da jiyyar mutum ɗaya da ya kwanta: na'urar awo mai inganci a kowace cibiyar lafiya, sayen magunguna da yawa a lokaci guda domin farashi ya sauka, da mayar da ƙa'idojin gishiri doka mai hukunci. Awon kansa ba ya cin minti biyar, kuma sakatariyar tarayya, inda dubban masu shekara 40 zuwa 60 ke shiga kowace safiya, ta fi ko'ina dacewa a fara shi.